Injin Kifayen Baba

Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki? Mu nan lafiya lau sai kewarki, ko da yake ke ba ki san kewa ba, sai an rubuto miki uku ki amsa ɗaya.

Jikin Baba yana nan yadda kika bar shi. Ɓarin dama ba ya motsi, magana kuma har yanzu shiru. Abin da ya rage masa shi ne kifayen Mama. Tun rasuwarta akwatin gilashin nan yake gefen kujerarsa, kuma ba ya yarda ya ci komai sai ya barbaɗa musu nasu da hannun hagu. Jan kifin nan mai yagaggiyar jela har bin yatsansa yake yi ta jikin gilashi.

To, injin da ke juya musu ruwa ya mutu. Sabo ya fi ƙarfina, sai na samo na hannu wurin mai sayar da kifin ado. Ki ga dattinsa, Yaya, kamar cikin tsohuwar butar shayi! Mutumin ya ja mini kunne cewa cuta ce ta ƙarar da kifayen mai shi na farko. Dole in kwance shi, in jiƙa a ruwan khal mai tsamin nan, in goge farfelar da buroshin haƙori, ban da sabulu. In na ɗauraye, in sake jiƙa shi a ruwan bilic, sannan in yi ta ɗauraya in shanya har warin ya fita tas.

Na gama na khal, yanzu yana cikin bokitin bilic a bakin banɗaki. Na gargaɗi kowa kada ya taɓa, har mijina sarkin karambani. Amma kifayen sun taso sama suna ta buɗe baki, Baba kuma yana kallonsu yana kallona. In na saka injin yanzu guba ce, in na jira numfashinsu nake ci. Kafin in fita aiki ina ɗiban ruwan da kofi ina zubawa daga sama, iyakar dabarata ke nan.

Ki gaida yara, ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Sallama da fatan alheri. Ina fata ƙafa ta yi sauƙi.

Kifayen sun mutu, duka.

Jiya na haɗa injin, na mayar da shi cikin bokitin da niyyar in na dawo aiki in fara ɗauraya. Ina shigowa falo na ji ƙarar ruwa, sai warin bilic. Baba ne. Mutumin da likita ya yi ta lallashi ya taka zuwa ƙofa ya ƙi, shi ne ya ja jiki da sanda har bakin banɗaki, ya ɗauko injin, ya jefa a akwatin, ya jona a wuta. Gwiwarsa duk ta kurje, gaban rigarsa a jiƙe. Allah kaɗai ya san faɗuwa nawa ya yi a hanya.

Na tarar da shi yana nuna mini kumfar da injin ke fitarwa yana murmushi da rabin bakinsa. Rabon da in ga wannan murmushin tun Mama na da rai. Lokacin kifayen sun fara juya ciki sama, shi bai lura ba tukuna. Na kwashe su zuwa roba, na canza ruwa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Jan ne na ƙarshe, a tafin hannuna ya daina motsi.

Abin da ke cin raina, Yaya, na gaya wa mijina kada ya taɓa bokitin, na gaya wa yara, har maƙwabciyar da ke leƙo Baba da rana na gaya wa. Shi ne kaɗai ban gaya wa ba. A gabansa na yi ta bayanin, ta saman kansa, kamar yadda duk muka saba yi tun da bakinsa ya rufe. Na manta cewa kunnensa garau yake, kuma kifayen nasa ne.

Mijina ya ce mu sayo wasu. Na kawo hotunansu a waya, Baba ya kau da kai. Na ce masa tsohuwar cutar ce ta kashe su, sai ya dube ni, ya buga ƙirjinsa da hannun hagu.

Yau injin ya fita tas, ba wari ko kaɗan, yana ta aiki a ruwan da babu komai. Na je zan kashe, Baba ya riƙe mini hannu. Abincinsa na safe yana nan a rufe, har yanzu bai barbaɗa wa kowa ba, don haka bai ci ba.

Ki zo, Yaya, ko da ƙafar ce. Ni dai dabara ta ƙare mini.

Taki har kullum,
Auta