Kuɗi Masu Ƙanshin Banda

Rumde Ajiya, Garwa
Lahadi, bayan la'asar

Zuwa ga Fiddausi 'yar Malam Sa'adu ta Maga, hasken idona, sanyin ƙirjina, ruwan randa a tsakiyar zafin Garwa, inuwar gawo da rani lokacin da sauran itatuwa suka kakkaɓe ganye, farin watan da nake dubawa ko ba Sallah. Bayan gaisuwa irin ta addini, ina fatan kina lafiya, da Inna, da Malam, da kasuwar kifi. Ni dai lafiyata lau, in ji takardar da likita ya sa wa hannu ranar da na yi rajistar makaranta. Ya ɗora abin sauraronsa a ƙirjina, ya ce komai daidai. Ban musa masa ba, tun da shi ya gama karatun, ni kuwa yanzu zan fara.

Kada ki yi mamakin takarda a zamanin waya. Babbar wayar na sayar, ƙaramar da ta rage kuma in na yi magana a cikinta duk tsakar gidanku sai ya ji, kuma wannan magana ba ta tsakar gida ba ce.

Ranar Laraba Baffanki Umar Faruƙ ya sauka a gidanmu. Aka yi masa shimfiɗa, ya sha ruwa, ya yi mini barka da cin konkur, wato jarrabawar shiga karatun likita, har ya ce da ni Dokta sau biyu. Sannan ya zaro ƙunshi daga aljihun babbar rigarsa ya ajiye a gaban mahaifiyata. Ya ce Malam ne ya aiko shi da kuɗin gaisuwar da baffannina suka kai gidanku bara, jaka ɗari biyu na sefa cif, don ya ji ɗawainiyar makaranta ta yi mini yawa, in rage hanya da su. Ya ƙara da cewa, "Malam ya ce shekara bakwai ba kwana bakwai ba ne." Daga nan ya shiga zancen tsadar taki.

Mahaifiyata ta yi godiya kamar yadda ake yi wa baƙo, ta sa aka ƙunsa masa kilishi, ta raka shi har zaure. Da ta dawo sai ta dubi ƙunshin ta ce, "Lukmanu, kuɗin aure in ya dawo gida, auren ya biyo bayansa." Na san haka. Duk wanda aka haifa a cikinmu ya san haka. In na taɓa ko dala a ciki, na karɓa ke nan, kuma ƙofar gidanku ta buɗe ga duk mai so, har da mai injin casar shinkafar nan da na ji ya fara gai da Malam sau biyu a rana, shi da a da ko sallama sai an tuna masa.

Ya sanyin idona, ba zan yi miki ƙarya ba, na yi lissafi. Kin san bajimin da na yi shekara biyu ina kiwo a bayan gidanmu, wanda na raɗa wa suna Akwati don shi ne zai zama akwatunan lefenki. Tun ina ɗan shekara goma sha huɗu nake tsayawa a teburin naman marigayi Babana bayan an tashi daga makaranta, kuma duk abin da na tara a ƙasusuwan Akwati na zuba shi, dusa da harawa da kanwa. Ranar da sunana ya fito, bayan faɗuwa biyu da kika sani, na shiga garken na yi masa bayani. Ya saurara yana tuƙa. Washegari na kai shi kasuwa. Yanzu Akwati ya zama kuɗin rajista, da tsohuwar odinatar, wato kwamfuta, wadda ba ta aiki sai a jikin wuta, da farar riga biyu, da wani littafi mai nauyin cinyar sa, wanda ya ɗauki shafi dubu yana faɗin abin da duk mahauci ya sani, sai dai shi a jikin mutum kuma da Faransanci. Abin da ya rage na sayo wa mahaifiyata masara buhu huɗu, don tebur zai koma hannun haya, kuma haya ba ta ciyar da gida kamar mai shi.

Tun daga ranar kuma mutanen Rumde Ajiya suka daina kirana da sunana. Dokta ne sama, Dokta ne ƙasa, masu cin bashin nama suka ninka, wai likita ba ya rasa kuɗi. Da na gama tattara kan komai, na ga kafin shekarar farko ta fita ina bukatar jaka ɗari da hamsin da ba ni da su. Ga kuma jaka ɗari biyu a kan tabarma suna kallona. Shaiɗan ya iya lissafi, Fiddausi, ko konkur ya zauna da fari zai ci.

Sai na ce bari in ƙirga, don kada in mayar da abin mutane ban san adadinsa ba. Na kwance ƙunshin. Jaka ɗari biyu na Malam suna sama, sababbi, da ƙaiƙayin shinkafa a tsakaninsu. A ƙarƙashinsu kuma ga wani ɗan ɗauri daban, 'yan jaka ɗai-ɗai da 'yan ɗari biyar-biyar, kowace an ninke ta uku, an ɗaure su da zaren taru. Jaka talatin da bakwai da rabi. Kafin in gama ƙirgawa kyanwar gidanmu ta zo ta zauna a gabana, ta riga ni ganewa. Malam shinkafa yake sayarwa. Baffa Umar Faruƙ turaren Makka yake shafawa. A duk zuri'arku mutum ɗaya ce kuɗinta ke ƙanshin bandar kifi, kuma mutum ɗaya ce ke ninke takarda uku kamar za ta sa a laya.

Na yi kuka. Ni da nake kwantar da sa mai ƙaho kamu biyu ban taɓa runtse ido ba, na zauna a kan tabarma ina sheƙa, kyanwa na kallona. Na san kuɗin nan. Kwasar adashinki ce, wadda kika yi wata goma kina zubi, wadda kika ce da ita za ki sake gina murhun banda don tsohon ya tsage. Kifi nawa kika juya a kan hayaƙi kafin su taru? Sau nawa idonki ya yi ja kika ce ba komai? Yaya kika yi kika cusa su a ƙunshin Malam ba wanda ya gani, ke da ko ƙarya ba ki iya ba sai kin soma tari? Ya ke zumar farar ƙaya, ya ke iskar da ke tasowa daga tafki bayan ruwan farko, ko layi ɗaya ba ki rubuto ba. Kin bar ni da ƙanshi kawai, in fassara da kaina.

To na zauna na fassara. Kwana biyu ina jin tsoron guzuri ne, irin wanda ake ba matafiyin da ba a sa ran dawowarsa. Wannan tunani ya hana ni cin abinci, har mahaifiyata ta fara zancen kai ni asibiti, na ce ta yi haƙuri, can ɗin zan shekara bakwai.

A rana ta uku sai na tuna ranar da na fara ganinki. Mun taso daga kasuwar shanu ta Bogo ni da Babana, Allah ya jiƙansa, muka zarce Maga don ya gai da wani amininsa. Kina zaune a bakin kasuwa bayan tarin karfasa, kin ja mayafi har goshi, kina kora ƙuda da reshen darbejiya kamar mai hukunta su ɗaya bayan ɗaya. Na sayi kifin jaka biyu da ba na bukata, ni ɗan mahauta da ba a shiga gidanmu da kifi sai a ɓoye. Na ƙara ɗari biyar da gangan, don in sami dalilin dawowa. Ina cikin mota a tasha, sai ga ki kina haki, kika miƙo ɗari biyar ta taga kika ce, "Malam, ni ba na riƙe na kowa, ba na kuma bar wa kowa nawa." Fasinjoji suka yi dariya. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ce in kiyayi yarinyar nan, don ta taɓa bin wani direba har Girbidik kan jaka ɗaya da rabi, ta kashe jaka biyu a kuɗin mota, ta karɓo abinta. Tun daga tashar Maga har Marwa kifin yana kan cinyata, ban san na iso ba.

Da na tuna wannan sai na ci tuwo malmala biyu, na wanke hannu, na tafi wurin Alhaji Abdulƙarim dillalin shanu, wanda ya yi shekara talatin yana ba Babana sa bashi a yanka a sayar a kawo masa kuɗi da yamma. Na faɗa masa komai. Ya ce shi ba ya cin riba, Allah ya tsare shi. Ya ƙirgo jaka ɗari da hamsin ya ba ni. Zan biya da fiɗa a kwata, kowace Asabar da Lahadi daga sallar asuba zuwa hantsi, da duk hutun makaranta, da kwana ukun Babbar Sallah, har shekara biyu. Sannan ya ce akwai ɗan ƙaramin sharaɗi: in na zama likita, shi da iyalinsa ba sa biyan kuɗin ganina. Iyalinsa mutum talatin da ɗaya ne, kuma ba su tsaya ba. Kafin in fito ya naɗe wando ya nuna mini gwiwarsa ta hagu. Na ce ya rage gishiri, don ban san abin da zan ce ba, kuma ya yaba ƙwarai.

Ba na ganin laifin Malam. Uban da ke da 'ya kamarki, aka ce masa ta jira ɗan mahauci ya gama karatun da ya fi zaman wasu aurarrakin tsawo, dole ya yi tunani. Ya kuma yi abin cikin mutunci, ya sa wa sallama rigar taimako don kada in ji kunya. Shi ya sa ni ma zan amsa cikin mutunci. Ranar Juma'a Gwaggona Luba za ta iso Maga tare da babban baffana, da jaka ɗari biyu na Malam yadda suka zo, ko ƙaiƙayin ban kakkaɓe ba. Takardar nan za ta riga su da kwana biyu a hannun direban da ke kai miki gishiri.

Abin da za su roƙa shi ne shekara biyu, ba bakwai ba. Ranar da na gama da Alhaji, a ɗaura. Ba na yi miki alkawarin gidan bene ko mota. Abin da ke akwai ɗaki ne a gidan mahaifiyata, mai kallon garken da Akwati ya bari, wanda zai ɗauki murhun banda biyu, ga kuma kifin Lagdo yana shigowa Garwa kowace safiya. Za ki sami miji ɗalibi wanda za ki ciyar shekara biyar, yana warin asibiti ran aiki, yana warin kwata ran hutu. Na duba maganar ta kowane gefe, kuma a matsayina na ɗan kasuwa ba zan ba kowa shawarar ya shiga wannan ciniki ba. Amma ina roƙonki ki shiga. Ina son ki, Fiddausi, son da ya sa ko ƙanshin kifi na ji a hanya sai na rage tafiya, kuma ina jin tsoron Juma'ar nan fiye da yadda na ji tsoron konkur uku a haɗe.

Ki yi wa Inna magana kafin su iso. Malam yana jin maganarta, ko da yake ba ya so a sani. In ya karɓi ƙunshin, muna nan yadda muke. In ya sake mayar da shi, kin san babu na uku, baffannina ba za su koma ba, ni ma ba ni da bakin da zan sa su.

Saura maganar jaka talatin da bakwai da rabi. Kada ki neme su a ƙunshin, ba sa ciki. Kyauta ba zan karɓa ba, don mai kyauta yana iya juya baya ya manta. Na rubuta su bashi a littafin teburin Babana, da kwanan wata, mahaifiyata da Gwaggo Luba sun shaida. Na kuma riga na kashe su. Jiya na sayo abin sauraron ƙirji da abin awon jini, mai kantin ya sunsuna kuɗin ya dube ni, ban yi masa bayani ba. Da na dawo gida na gwada abin sauraron a kaina. Likitan rajista bai saurara da kyau ba.

Ba zan aiko da su ta waya ba, ba zan ba direba ba, ba zan ba Baffa ba. Mai kuɗi ita za ta zo ta karɓa da hannunta, a ɗakin da na faɗa miki, kuma ko a lokacin da kaɗan-kaɗan zan riƙa biya. Wadda ta bi direba har Girbidik kan jaka ɗaya da rabi, ina so in ga inda za ta tsaya kan jaka talatin da bakwai da rabi.

Naki, wanda ba shi da niyyar gudu kuma ba shi da niyyar biya, har ranar da Binuwai zai juya ya koma inda ya fito,

Lukmanu