Inna Ta Daina Cin Tuwo

Barkin Sale, Minna.

Zuwa ga Yaya Garuba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Rekiya da yara. Allah ya sa sanyin Kanada bai matsa muku ba, ya kuma ƙara rufa asiri. Mu nan sai godiya. Musaddiq ya koma makaranta, Kawu Ndaman kuma ya fara haƙar doya a Paiko, bana ta yi kyau.

Inna tana asibiti tun ranar Talata. Jiri ne ya ɗebe ta a tsakar gida ta faɗi, ta bugu a kafaɗa, amma babu karaya. Yanzu tana zama da kanta, har ta fara yi wa masu jinya faɗa a kan yadda suke ninke mata zani. Na rubuto maimakon in kira ka, domin ina so ka karanta a tsanake.

Likita ya tambaye ni abin da take ci, sai na koma gida na bi diddigi yadda aikin jarida ya koya mini. Goggo Nma da suke gida ɗaya ta shaida mini cewa tun bayan Babbar Sallah Inna ba ta sa tuwo a bakinta ba, balle doya ko wake. Da safe dafaffen ƙwai, da rana wani koren gari da ake damawa da ruwan ɗumi, da dare babu komai. Maganin ciwon sukarinta kuwa ba ta fasa sha ba, a kan cikin da babu abinci. Likita ya ce wannan ya isa ya kayar da ƙato, balle tsohuwa.

Goggo ta ce abin ya faro ne daga bidiyon da ka turo, wanda wani mai farar riga yake cewa hatsi guba ne, da lambar wata Vivian da ka samu a ƙarƙashinsa. Na je shagon wannan mata. Ledar garin babu sunan kamfani, babu lambar hukuma, babu ranar lalacewa. Na tambayi abin da ke ciki, ta ce ganye ne kawai, sauran sirri ne. Na tambayi inda ta yi karatun abinci, ta ce an horar da su ta waya. Ta nuna mini hoton wata mata da ta ce garin ya warkar, ni kuwa na taɓa ganin wannan fuskar a tallan man shafawa. Ban ce ta san tana cutarwa ba, don ba ni da shaida. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma tun kafin in zauna ta tambaye ni ko oga na ƙasar waje, wato kai, zai ƙara odar garin.

Yaya, na san don ƙauna ka yi, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Sai dai ka manta kai ne ɗan fari. Inna ba ta taɓa kama sunanka ba, ba ta taɓa yi maka musu ba, duk abin da ka faɗa a waya "to" kawai take cewa. Kai ka ɗauka amincewa ce, alhali alkunya ce. Ta gaya wa Goggo cewa ƙafafunta suna rawa tun makon farko, amma ba za ta buɗe baki ta ce wancan yaron ya yi kuskure ba. Jiya na kai mata tuwon dawa da miyar zogale da busasshen kifin Zungeru, daidai yawan da ma'aikaciyar abinci ta asibitin ta auna mini. Ta kalli kwanon, ta haɗiyi yawu, ta kau da kai, ta ce sai shi ya ce.

Don haka ina roƙonka, ka kira ta da zarar ka gama karantawa. Kada ka tambaye ta ra'ayinta, don ka san amsar da za ta ba ka. Ka ce mata da bakinka ta ajiye garin, ta ci abin da asibiti ya tsara. Ni da likita mun faɗa, ba ta ji ba. Naka kawai take jira.

Ka gaida Anti Rekiya da Umar Faruk da ƙannensa. Kawu Ndaman da Goggo Nma suna gaishe ka, Musaddiq ma ya ce in isar. Allah ya ba Inna lafiya, ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Haula.

Na kai ragowar garin a gwada, an kuma ɗebi jinin Inna don a duba ƙodarta. Duka biyun sakamako bai fito ba tukuna.