Filafilin Hajjo a Tashar Jirgi

Kalgo, ranar Talata.

Zuwa ga angona Muzzammil, jikan da ko goro bai taɓa aiko mini ba.

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kana lafiya, jami'a ba ta ramar da kai ba. Mu nan lafiya lau, in ka cire gwiwa.

Uwarka ta ce kana rubuta tarihin tsohuwar tashar jirgin ƙasan nan ta hanyar Ƙaura, wadda ake kira Tashar Filafili. Wai mutanen wurin sun ce maka daga injin ruwan Turawa sunan ya fito. Kada ka kuskura ka kai wa malaminka wannan ƙarya! Filafilina ne.

Da kakanka Bawa ya zo daga Gwandu neman aurena a Diggi, Baba ya tambayi sana'arsa, ya ce aikin jirgi. To mu masunta jirgi ɗaya muka sani, na ruwa. Don murna Baba ya sassaƙa mini filafilin tuƙi, ya ƙona masa alamar kifi, ya sa cikin kayan ɗakina. Bayan biki, kwana biyu muna tafiya zuwa wurin aikinsa, ina ta leƙen gulbi. Muka sauka, sai ƙarafa biyu kwance a fako, ko kududdufi babu. Matan ma'aikata sun shekara suna mini dariya.

Wata damina ruwa ya zaizaye ƙarƙashin layin dogo, Bawa yana kasuwa, jar tutarsa a kulle. Na ɗaura jan kallabina a filafilin, na ruga ina kaɗawa. Jirgi ya tsaya, maƙil da mutane da gyaɗa. Ranar aka rataye filafilin saman ƙofar ɗakin tikiti, dariya kuma ta ƙare.

Maza koma ka duba kafin rufin ya rufta.

Amaryarka, Hajjo.

Kalgo, ranar Lahadi.

Angona, ina gaisuwa, ina fata ka koma lafiya.

Hoton filafilin da ka ɗauka ya iso wayar uwarka! Gara ta ci rabinsa, amma ga kifin Baba nan raɗau. Na zaga unguwa da wayar gida-gida, na ma manta da gwiwa. Sai da na dawo ɗaki na yi ɗan kukana.

Kada ka ciro shi, can ne gidansa. Sai dai uwarka ta karanta mini, a tarihin naka ka sa "wata mata". Goge. Hajjo ta Diggi za ka sa. Shekara arba'in kakanka, Allah ya jiƙansa, yana taƙama shi ne ma'aikacin jirgi. Kai dai rubuta wa ya tsayar da shi.

Allah ya yi maka albarka.

Taka, Hajjo.