Rasuwar Inna Mai Sallama, Wadda Takalmanta Suka Tsaya a Ƙofa

Cikin alhini, Ƙungiyar Mata Masu Ɗaukar Hoton Gine-ginen da Yaƙi Ya Rusa ta samu labarin rasuwar uwarmu kuma shugabarmu, Hajiya Babba, wadda muke kira Inna Mai Sallama, bayan rufin wani gida ya rufta mata. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayiya ce ta koya mana bin layi gida-gida, mu ɗauki hoton matakalar da ba ta kai kowa ko'ina, da labulen da ke kaɗawa a ɗakin da babu rufi, domin masu gidajen su ga inda suka rayu kafin motar rusau ta iso. Dokarta ɗaya ce: daga bakin ƙofa ake ɗauka, ba a shiga. Kuma ba ta ɗaga kyamara sai ta yi sallama, ta ɗan jira. Mu yara har dariya muke ƙunshewa, mu ce Inna na gaida bulo.

Gida ɗaya ta yi ta tsallakewa shekara da shekaru, mai koriyar taga, inda aka kai ta amarya, inda kuma maigidanta ya rasu a daren farko na yaƙin. Da aka shafa wa bangonsa jan fentin rusau, sai ta ce lokaci ya yi. Mataimakiyarta, wadda ta raka ta, ta shaida mana cewa Inna ta yi sallama, ta karkata kai kamar mai saurare, ta yi wani murmushi irin na sabuwar amarya, sannan ta tuɓe takalmanta, ta jera su, ta shiga.

Muna miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanta, jikokinta da ƙanwarta Hajiya Ƙarama. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka kabarinta, Ya sada ta da masoyinta a Aljanna, Ya ba su juriyar wannan rashi.

Saura gidajen ƙarshen layin, kuma za mu ƙarasa su kafin a rushe, in sha Allahu. Sai dai ƙungiya na roƙon 'yan uwa mata, don girman Allah: ku ci gaba da yin sallama yadda ta koya mana, amma duk wadda ta ji an amsa, kada ta shiga.

Sa hannu:
Autar Inna,
Mataimakiyar Sakatariyar Yaɗa Labarai,
a madadin ƙungiya.