Abin da Inna Ta Ji a Waya

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Ya ƙafar taki, ta yi sauƙi? Ya zafin Agadas? Mu nan Gumel sai godiya.

Hankalinmu ya kwanta kan ɗan naki Nura. Da ya bugo wa Inna waya a Ɗanzomo daga ƙasar da ya tafi aiki, ta tambaye shi me suke ginawa a kan dutsen da ya ce suna aiki. Ya ce wurin kama "gamma ray" ne, da Turanci. Inna kuwa "gama rai" ta ji. Ta hau mashin har Gumel tana kuka, wai na bar jikanta ya tafi ƙera makami. Wallahi ni ma ko tuwo na kasa ci.

Jiya ya kira ta bidiyo ya nuna mana. Manyan madubai ne an haɗa su kamar faifai, suna kallon sama. Ya ce wani haske ne mai ƙarfi ke tahowa daga can cikin taurari. In ya daki iska sai ya yi 'yar walƙiya, madubin ya kama. Shi nasa ɗaura ƙarafa ne. Abin ko kaza ba ya kashewa.

Na balbale shi da faɗa: wa ke yi wa tsohuwa Turanci a waya? Inna ta share hawaye ta ce, "Ja'iri, ka ce su sake suna."

Ki gaida kowa. A sa shi a addu'a, Allah Ya sa ya gama aiki ya dawo mana da ransa.

Ƙanwarki,
Talatu