Taken Sarkin Noma a Bayan Ɓarawon Akuya

Zuwa ga mahaifina, Bawa Makaɗi na Mawashi.

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uba, ina fatan makwancinka na da sanyi da yalwa. Na san takarda ba ta isa inda kake, ko kana raye ma sai an karanta maka. To, jama'a su karanta a madadinka, su zama shaida.

Kana da jika, Nura, wanda aka haifa bayan rasuwarka. Yanzu magidanci ne a Kano, sana'arsa kiɗan fim. Ba waƙa ba, Baba, kiɗan nan da ke bin hoto ta ƙasa, babu murya. In za a yi kuka shi ke fara jiƙa zuciyar mai kallo, in mugu zai shigo shi ke riga shi sallama. Da fiyano yake yi. Ranar da ya yi mini bayani na gane aikinka ne aka jona wa lantarki. Haka kake yi a gayya: kowane manomi da takensa. Ka buga gangar noma ba ka ambaci suna ba, amma mai shi ya ji an kira shi, ya duƙa kan garma kamar zai tsaga ƙasa.

Ban gaya masa ba. Na yi aikin koyarwa a Kankia har na zama hedimasta, 'ya'yana suka tashi da sanin kakansu manomi ne. Ai kana da gona, ban yi ƙarya ba. Irin gaskiyar nan ce da ake faɗa da rabin baki. Tsoro nake a je nema musu aure wani ya ce jikokin maroƙi ne.

Sai dai yatsu ba su yi boko ba. Da ƙaramar Sallah muna zaune a zaure, na shagala ina ƙwanƙwasa bayan faranti. Nura ya miƙo waya ya ɗauki sautin, ya ce, "Baba, wannan kiɗan na wa ne?" Na ce, "Na da ne, ba mai shi."

Na san mai shi sarai. Taken Sarkin Noma Tanko ne, wanda ka yi masa shekarar da ya ɗaure dami dubu. Kai ka sha faɗa mini, take riga ne, ba a ɗinka wa mutum a sa wa wani.

Nura ya ɗinka shi da kyau, ba laifi. Ya ƙara masa sauri da ɗan fito, ya ba wani fim mai dogon zango da ake kallo a waya. A ciki akwai ɓarawon akuya. Duk sanda zai ɗaga ƙafa ya tsallake danga, sai taken Tanko ya tashi. Har ta kai in mutum ya sa takalmin wani a ƙofar masallaci, samari su hau yi masa shi da baki. Karon farko da na gani, Baba, na yi dariya kafin na tuna. Wannan dariyar ta fi komai ci mini rai.

Bayan girbi sai ga saƙo daga Idi, babban ɗan Tanko, wai in leƙo in da hali. Na ce wa Nura ya zo ya kai ni, ban ce masa don me ba.

Mun iske Idi ƙarƙashin ɗorawar ƙofar gida da dattawa uku. Ya tsufa, ido ya yi rauni, kunne kuwa garau. Aka gaisa, aka kawo fura, sai da muka sha sannan ya ce, "Hedimasta, jikata ta kunna mini wani abu. Na ji an kira tsohona, har na gyara zama. Na ce da ita mi yake yi cikin hoton? Ta ce akuya yake sata."

Nura ya fara ba da haƙuri, Idi ya ɗaga hannu. "Kai ba ka da laihi, ɗana, ba ka sani ba. Wanga na kusa da kai shi ke riƙe da ƙaramar ganga bayan ubanshi ranar da aka yi taken. Ko karatu na toshe kunne, Haruna?"

Haka jikanka ya ji ko kai wane ne, daga bakin wani, ni ina kallon ƙwaryar fura.

Na durƙusa na roƙi gafara da furfurata. Idi ya yafe, ya ce Bawa ya wuce a riƙe ɗansa a zuci. Nura ya yi alkawarin cire kiɗan daga abin da bai fita ba. Wanda ya riga ya shiga wayoyi kuwa, ruwa ne ya zube.

Muka kamo hanya ni da Nura har muka wuce Kusada. Na shirya wa faɗa, sai ya ce, "Baba, take nawa ka riƙe? Ina so in ɗauke su, kowane da sunan mai shi."

Kai, Baba, ba ka taɓa rikita taken mutum ɗaya ba daga garin Boko har Kunduru. Ni kuwa na laluba, na laluba, huɗu na samu. Biyu daga ciki ma na manta ko na wa ne, masu iya tuna mini kuwa suna nan kwance kusa da kai. Na buga masa su a kan gwiwata. Da ya tambayi sunayen masu biyun nan na ce ban sani ba, wannan karon kuma gaskiya ce cikakkiya.

Ka yafe mini, Baba. Allah shi jiƙanka, shi jiƙan Tanko da mutanen nan biyu da na ɓatar da sunansu, shi sa Aljanna ce makomarku. Amin.

Ɗanka mai jin nauyinka,
Haruna.