Hannun Yayana da Ram ɗin da Bai Shiga Ba

Salama gare ku 'yan wannan gida. Admin ka ɓoye sunana abeg, unguwarmu ƙarama ce. Don Allah ku ba ni shawara, kwana biyar ke nan abinci ba ya wuce maƙogwarona.

Ni mace ce, shekarata ashirin da takwas, ina zaune a Makera gidan yayana da matarsa. Aikina ɗaukar bidiyon biki da taron coci, in zo gida in gyara. Laftof ɗina ta tsufa, bidiyon awa biyu sai ta wuni tana nishi kamar tsohon janareta, amare na ta kirana suna zagi. Shi ne na ce zan haɗa kwamfuta da hannuna. Wata takwas ina wannan shiri. Duk wanda ya taɓa yi ya san ba a tara kayan kamar tumatir, sai kowanne ya yarda da ɗan'uwansa. Na fara zaɓar furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, sannan na nemo madabod, allon da ake dasa komai a kai, wanda mazauninsa ya dace da ita. Na lissafa wutar da katin hoto zai sha kafin in sayi fawa saflai, akwatin ƙarfen da ke raba wa kayan wuta. Har tef ɗin tela na ara na auna akwatin, kar katin ya fi shi tsawo. Na haɗa komai ya zauna daram a kan teburin ɗakina, saura ram kawai, 'yan siraran allunan nan na memori da ake soka wa madabod. Madabod ɗina sabon samfurin ram, DDR5, yake ci, na yi oda daga Legas, an ce sai sati.

Yanzu ku ji wane ne Yaya. Shi ya riƙe ni tun rasuwar Babanmu, ya yi makanikanci a masaƙar Kakuri har aka rufe ta, ya koma gyaran injin niƙa da famfo. A wurinsa babu ƙarfen da ba ya shiga, in ya ƙi a goge shi da fayil, in ya ƙara ƙi a ɗan taɓa shi da guduma. Da haka ya ciyar da mu, ban raina ba. Kullum sai ya tsaya bakin ƙofata yana kallon kayan yana murmushi, yana gaya wa maƙwabta ƙanwarsa injiniya ce. Na sha ce masa Yaya wannan ba injin niƙa ba ne, kar ka taɓa. Sai ya yi dariya ya ce ya kwance injinan da suka fi ɗakin nan girma tun ban daina fitsarin kwance ba.

Ranar Asabar da ta wuce na tafi ɗaukar biki a Kamazou, matarsa ta tafi kasuwa. Ashe wani abokinsa ya ba shi ram guda biyu na tsohuwar kwamfutar ofis, DDR4 ne. Da ido kusan iri ɗaya ne da nawa, sai dai akwai 'yar tsaga a ƙasan kowane ram, an yi ta ne musamman don wanda ba na wurin ba ya ƙi shiga. Yaya ya gwada ya ƙi, sai ya ɗauko fayil ya faɗaɗa tsagar, ya danna, ya bubbuga da ƙotar guduma har ya zauna. Ya jona wuta.

Wajen ƙarfe huɗu na dawo, tun daga zaure na ji warin roba. Na same shi tsaye a ɗakina yana fifita madabod da murfin tukunya, garin ram ɗin da ya goge a kan teburin. Da ya ce mini ya yi kuskure, wallahi da kuka kawai zan yi. Amma sai ya ce kayan da na saya jabu ne, an cuce ni, shi ma dai ya san mace ba ta iya sayen kayan wuta. Jama'a ina da zuciya, kowa a gidanmu ya sani. Na zage shi zagin da ban taɓa yi wa kowa ba, na ce shi ya sa ya ƙare a gyaran injin tattasai. Ya ɗauke ni da mari har na bugu da bango, leɓena ya fashe. Na jefe shi da fawa saflai, ya kauce, ya fasa taga. Ya dafa teburin da hannun dama zai zagayo wurina, gudumarsa na nan kusa, na ɗauka na sauke.

Ba zan yi muku ƙarya in ce teburin na nufa ba. Na ga hannun. Ƙarar da na ji har yanzu tana kunnena. Bai yi ihu ba, ya durƙusa kawai ya rungume hannun, jini na ɗiga a kan kwalin madabod. Ni na naɗe masa da ɗankwalina, na tare keke muka tafi asibiti. An yanke yatsa ɗaya, biyu sun karye, likita ya ce da wuya ya sake riƙe sifana yadda ya saba.

A cikin keken ya ce in rufe bakina. Da nas ta tambaya sai ya ce bel ɗin injin niƙa ne ya kama shi a wurin aiki, ni kuma wai faɗuwa na yi garin gudu. Ya ce in matarsa ta ji gaskiya sai na kwana a sel, kuma dangi ba za su sake kallona ba. Ya ce ranar da na buɗe baki, ranar ya daina zama yayana. Na koma gida na share ɗakin kafin ta dawo, tagar na ce ƙwallo ce ta fasa ta.

Wahalar ita ce, da safen ranar ya yi gyara a injin wani dattijo a layinmu, Baba mai niƙa muke ce masa. Kowa ya ɗauka can ne. Baba ya rantse Yaya ya bar wurinsa lafiya lau, ba wanda ya yarda. Ƙannen matar Yaya biyu suka sami Baba ranar Litinin, suka ce shi ya kunna injin hannun na ciki, suka yi masa duka a gaban mata masu niƙa, suka zubar masa da haƙori. Sun ce ranar Asabar mai zuwa za su dawo da samari su farfasa injin su kai shi wurin 'yan sanda. Na gaya wa Yaya, ya juya fuska bango, ya ce zai hana su. Har yau bai kira kowa ba.

Jiya da rana Baba ya zo asibiti, bakinsa a kumbure, da ledar lemu. Matar Yaya ta hana shi shiga. Ya same ni a baranda ya miƙa mini ledar, ya ce, "Sannu da jinya 'yata, Allah ya ba ki lada, ki ce masa ban riƙe shi ba." Na karɓa na ce amin Baba. Ina jin kunyar kaina, na tsani kaina, kuma ina tsoro.

Ku zage ni in kuna so, na cancanta, amma ku haɗa da shawara. In na yi magana na rasa wanda ya raine ni bayan na riga na cinye masa hannu. In na yi shiru za a rushe tsohon da bai san komai ba. Yau Alhamis. Wa zan fara samu, matar Yaya, fasto, ko in tafi wurin 'yan sanda da ƙafata? In ke ce ko kai ne, me za ku yi kafin jibi?